Takunkumin Bindiga: Daga Taron Birasel Zuwa Fadar Zazzau

Tun da gardama ta kaure a kan shawarar da gwamnatin Zamfara ta ba jama'arta a shekarar 2022, cewa kowa ya nemi izinin riƙe bindiga don kare kansa, wasiƙun masu karatu ba su yanke ba, kuma daga cikinsu akwai ta wani ɗalibi daga Samaru, wanda ya ce ya ji labarin wani kamfanin Amurka da ke sanya wa bindigoginsa takunkumi kafin ya sayar wa farar hula, yana tambaya ko an taɓa yin irin haka a ƙasarmu.

Kamfanin da yake nufi shi ne Colt, wanda tun 1964 yake sayar da AR-15, ƙanwar M16 ta soja, sai dai ita harsashi ɗaya take saki duk sa'ad da aka ja kunama. Bayan dokar 1986 da ta haramta wa farar hula sababbin bindigogi masu ɓarin wuta, da kisan yara biyar a wata makaranta a Stockton a 1989, sai kamfanin ya shiga kafe wani dunƙulen ƙarfe cikin akwatin da kunama take zaune, daidai gurbin da kayan soja za su shiga, ya kuma faɗaɗa ramukan ƙusoshi. Niyya dai ta alheri ce, amma sakamakon da ya biyo baya shi ne kunamar sauran maƙera, ko da halattacciya ce, ta daina shiga, masu saye suka riƙa leƙa ciki kafin su taya, daga bisani kamfanin ya bar wannan al'ada.

Namu takunkumin ya girmi wannan da shekara ɗari, kuma da alƙalami aka ɗaura shi. A ran 2 ga Yuli 1890 daulolin Turai, da Amurka, da Daular Usmaniyya suka rattaba hannu a Birasel a kan wata yarjejeniya da aka ce ta yaƙi da fataucin bayi ce, wadda a cikinta aka shata wani yanki daga daraja 20 ta arewa zuwa daraja 22 ta kudu, Daular Sakkwato kaf tana ciki, aka hana sayar wa mutanensa bindiga mai cin harsashi ta baya, aka halatta musu bindigar ƙanƙara mai sulɓin ciki da albarushin kasuwa kawai. Wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura irinta ya san abin da aka halatta: a tsayar da ita, a zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a jefa guntun ƙarfe, a danna da sanda, sa'an nan a yi fatan ƙanƙara ta ba da wuta, in kuwa damina ce sai tawakkali. Ba banza ba aka yi mata laƙabi da harba-ka-ruga.

A nan ne malaman tarihi suka yi saɓani. Ƙaulin da ya fi yaɗuwa, wanda marubutan zamanin mulkin Turawa suka fi so, shi ne wai sarakunan Fulani da baradensu sun raina bindiga, suna ganin takobi da mashi da lifidi su ne kayan ɗa, bindiga kuwa ta bawa ce, don haka suka yi sake har Nasara ya riske su. Ba a rasa ƙamshin gaskiya a ciki ba, domin lalle a hannun bayin sarki akasarin bindigogin suke. Amma Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa a ƙarshen ƙarnin sarakuna neman bindiga suke yi ruwa a jallo, kuma bayar da ita ga bayi siyasa ce, saboda sarki mai hankali ba ya miƙa wuta ga hakimin da gobe zai iya neman gadonsa. Wannan ƙauli na biyu shi ne, a ganina, ya fi dacewa da abin da ya faru a Zazzau.

Dubi Sarki Yero, na gidan Barebari, wanda ya gaji ƙasar da Ningawa suka addaba a zamanin Sarki Sambo har suka iso bakin birnin Zariya. M. G. Smith, wanda ya tattara labaran sarautar Zazzau daga bakin dattawa ya buga su a 1960, ya ba da labarin rundunar 'yan bindiga da Yero ya kafa daga bayinsa, wadda ta ƙarfafa hannunsa a kan Ningawa da masu sarauta baki ɗaya, ta kuma zame wa talakawan ƙauye annoba, don kuwa bawan sarki mai bindiga a kafaɗa ba ya tambayar kuɗin akuya. Sarkin da ya raina makami ba ya yin haka. Abin da ya gagare shi hanya ce, domin kayan ta Lakwaja da ƙasar Nufe suke hawowa, Kamfanin Neja na Goldie yana zaune a bakin kogi yana tantance abin da zai wuce, kuma a Janairun 1897, shekarar da Yero ya rasu ɗansa Kwasau ya hau, kamfanin ya ci Bida da yaƙi.

Akwai kuma wani al'amari da masu ƙaulin raini suke tsallakewa, wato sha'anin gyara. 'Yan bindigogin zamani da suka sulalo ta hamada ko ta hannun fatake kowace da irin harsashinta, na Bafaransa ba ya shiga ta Ba'ingile, in ya ƙare kuwa ta zama gora. Ita kuwa ta ƙanƙara, duk maƙerin da ya iya ƙera fartanya da linzami yana iya sake mata kunama, albarushinta kuma ana haɗa shi a gida. Saboda haka kwarjini na waccan ne, amfani na wannan, kuma Samori, can yamma, bai daɗe yana yi wa Faransa turjiya ba sai da ya sa maƙeransa suka koyi kwaikwayon bindigogin Turawa da cika kwanson harsashi.

Sauran labarin sananne ne. Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kan Nagwamatse na Kontagora a 1902, suka zo suka zauna, suka tuɓe shi. Daga Zariya Kanar Morland ya tashi a ƙarshen Janairun 1903 da igwa huɗu da bindiga mai jigida huɗu, Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu, Sakkwato ran 15 ga Maris. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindiga gida uku: haramtacciya sai da izinin shugaban ƙasa, ta ƙashin kai sai da na Sufeto Janar na 'yan sanda, mai ɗuri ta baki kuwa Kwamishinan 'yan sanda na jiha yana iya ba da takardarta. Ta ukun nan ita ce maharba da 'yan sintirin ƙauyukan Giwa da Shika suka fi rataya, alhali ɓarayin da suke fitowa daga daji AK-47 suke ɗauke da ita.