Barewa a Tambarin 'Yan Ƙwallon Zari-Ruga: Asalinta da Ma'anarta

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wata dabba guda, wato barewa, don mu ga yadda ta baro dawa ta shiga sunaye da tamburan 'yan wasa. Abin da ya jawo hankalinmu shi ne wata ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta birnin Kano mai suna Barewa. A wannan wasa ana sungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a hannu a ruga da ita, saboda haka mai ji zai ce ai gudu aka duba, magana ta ƙare. Mu dai a ganinmu ba ta ƙare ba, domin alamar da jama'a suka rataya a ƙirji takan ɗauki kayan da ba a ɗora mata tun farko ba.

Ita kanta kalmar tambari tana da abin faɗi. A asali ganga ce ta sarauta wadda ba a buga wa kowa sai sarki, kuma duk inda aka ji amonta an san wanda ke tafe. Da Bahaushe ya ga zanen da Turawa ke sa wa a tuta da takarda da riga don a shaida mai su, sai ya ba shi wannan suna, tun da aikinsu ɗaya ne.

Al'adar ɗinka alama a rigar wasa kuwa daga Ingila ta zo mana. Tun ƙarni na 12 barade a Turai suke zana dabbobi da furanni a garkuwoyinsu, daga baya makarantu da garuruwa suka ara. Shi wasan da muke magana a kai sunan wata makaranta ya ci, ta garin Rugby, inda aka fara rubuta dokokinsa a 1845. A 1871, da Ingila ta kara da Sukotlan a wasan farko tsakanin ƙasa da ƙasa, 'yan Ingila sun fito da jan fure a ƙirjin farar riga. Makarantun Turawan mulki ne suka kawo mana wannan ɗabi'a. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, a 1971 kuma aka raɗa mata suna Barewa, ga dabbar nan a bajonta. Ashe ke nan barewa ta riga ta shiga aji kafin ta shiga filin zari-ruga.

Amma ba Bature ya koya wa Bahaushe darajar barewa ba. Mawaƙa kan kwatanta kyan idon mace da nata, mafarauta kuwa sun san wahalar cim mata. Mafi muhimmanci a wurinmu shi ne karin maganar nan da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In aka lura, gudu a nan misali ne kurum, ainihin zancen na gado ne: ɗa ba ya kasa abin da aka san gidansu da shi. Wannan ya dace ƙwarai da makarantar da ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Shehu Shagari, ya kuma dace da ƙungiyar wasa, inda manya ke wucewa yara su gaji rigunansu. Saboda haka muke ganin Bahaushen da ya ji sunan Barewa yana jin alkawari tsakanin na gaba da na baya, abin da baƙo mai kallon hoton kawai ba zai hango ba.

Domin mu ga irin nauyin da alama ke iya ɗauka, sai mu leƙa Afirka ta Kudu, inda wata 'yar'uwar barewa, mai suna Springbok da harshen Turawan can, ta zama tambarin ƙungiyar zari-ruga ta ƙasa. An ɗauke ta a 1906, lokacin da ƙungiyar ta fara ziyarar Birtaniya ƙarƙashin kyaftin Paul Roos, shekara huɗu bayan ƙarewar yaƙi tsakanin Ingilishi da Turawan Bowa. Ma'anarta ta farko sulhu ce, amma sulhun Turawa ya-su-ya-su. Baƙar fata bai da rabo a ciki, kuma da aka kafa mulkin wariyar launin fata a 1948 sai dabbar ta zama abin ƙi ga mafi yawan 'yan ƙasa, har sukan yi murna in an cinye ƙungiyar. Abin ya shafe mu kai tsaye. A 1976, jim kaɗan bayan kisan ɗalibai a Soweto, 'yan wasan New Zealand suka tafi can suka yi wasa, dalilin haka Nijeriya da ƙasashen Afirka fiye da ashirin suka janye daga wasannin Olamfik na Montreal.

Da mulkin wariya ya faɗi, mutane da yawa sun nemi a kankare wannan dabba daga riga, kuma suna da hujja. Nelson Mandela bai bi su ba. Ran 24 ga Yuni 1995, a birnin Johannesburg, ya fito sanye da koriyar rigar ƙungiyar mai lamba 6, ya miƙa wa kyaftin Francois Pienaar kofin duniya. Gardamar ba ta mutu nan take ba, don daga baya an sa furen ƙasa a ƙirjin hagu aka matsar da dabbar. Duk da haka, a 2019 da 2023 baƙar fata ne, Siya Kolisi, ya ɗaga kofin da sunan Springbok. Zanen bai canza wani abin kirki ba tun zamanin Roos, masu sa shi ne suka canza.

In muka dawo gida, tamu barewar ba ta da irin wannan tabo, sai dai tana da wata matsalar dabam. Masana sun sa ta cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Dabba ce mai son sarari da ƙaya, irin na ƙasar arewa. Kudancin Kano, musamman dajin Falgore da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa, an fi saninsa da gada da gwanki da ɓauna, su ma farauta da saran itace da kiwo sun rage su matuƙa. A Bebeji, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a yankin, daji na ta ja da baya, haka nan a Ƙiru gonaki suke ta cin abin da ya saura. Mun sha tambayar ɗalibanmu 'yan waɗannan garuruwa ko sun taɓa ganin barewa. Karin maganar dai kowa ya iya shi, wasu sun san makarantar Zariya, amma ƙalilan ɗin da suka ce sun gan ta ido da ido, a gidan zu na Audu Bako suka gan ta, cikin keji.