Yadda nawar uwar garke ta yi ta sauya maɓoya

A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya taru ya zama tafki har ya taɓo Yelwa, ya cinye tsibirai da ƙauyuka a ƙasar Yauri da Ngaski. Shekara biyar bayan haka, a 1973, wani injiniya mai suna Robert Metcalfe a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka ya tsara hanyar haɗa kwamfutoci da waya guda, aka sa mata suna Ethernet. Gudunta bai cika megabit uku a daƙiƙa ba. A wancan lokaci abin bai shafi masuncin Ngaski ko manomin albasa na Shanga ba ko kaɗan. Yau kuwa ɗansu da ya zauna jarrabawar JAMB, ko matarsu da ke jiran a buɗe mata fayil a banki, duk aikinsu ta jikar wannan wayar yake bi, ta wani ɗan katin netwok da ke bayan uwar garke, kwamfutar da sauran ke ɗiba daga gare ta.

A 1980 kamfanonin DEC da Intel da Xerox suka tsayar da gudun a megabit 10. Cutar wancan zamani ita ce karo. Kwamfutoci duka hanya ɗaya suke bi, kati kuma ko ya aika ko ya karɓa, ba ya yin biyun lokaci guda. Idan biyu suka aika tare sai saƙonnin su lalace, kowa ya ja baya ya ɗan jira ya sake. Yawan kwamfutoci, yawan karo.

A 1995 aka kai megabit 100, suwici ya fara korar tsohon hab, kati ya iya aikawa da karɓa a tare. Aka kuma ba na'urori damar daidaitawa da kansu: da an sa waya, kati da suwici su yi ciniki kan gudu da salon aiki. A nan aka haifi matsalar da ta fi kowace wahalar da masu gyara. Idan ma'aikaci ya ƙulle gefe ɗaya da hannu a kan aikawa da karɓa tare, ya bar ɗaya gefen yana jiran ciniki, wanda bai ji amsa ba sai ya koma tsohon salo na bi da bi. Fitilar kati tana ci, gwajin ping yana dawowa lafiya lau, ƙaramin saƙo yana wucewa, amma da an tura babban fayil sai ya riƙa jan ciki. An sha canza uwar garke sukutum saboda wannan, alhali saiti ɗaya ne ya saɓa.

Duk wannan bai dame mu a nan Yauri ba tukuna, don hanyar waje ce ke da ƙunci. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, kafe-kafen intanet na garuruwan Arewa kuwa galibi da faifan tauraron ɗan adam suka fara. Tauraron yana nisan kilomita kusan 36,000, saƙo na cin fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, kuma shago guda kan raba ɗan abin da ko tsohon kati mai megabit 10 bai ji nauyinsa ba. Wanda ya ce "netwok ne" a lokacin gaskiya ya faɗa. Daga 2010, da wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, al'amura suka fara juyawa. Fayiba ta bi manyan tituna, 3G da 4G suka yaɗu, a 2023 Starlink ya shigo. Hanyar waje ta faɗaɗa, amma bakinmu bai bar tsohon uzuri ba.

Jarrabawa ce ta tona asirin. JAMB ta fara gwada kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. Cibiya kan ɗauki ɗalibai 250 a zama guda, kwamfutocinsu haɗe da waya zuwa uwar garken da ke cikin ginin, daga can tambayoyi ke fitowa. Idan allo ya tsaya cik yaro na tsakiyar lissafi, ba Legas ba ce, ba hasumiyar kamfanin waya ba ce. Laifin yana cikin ɗakin.

Sau da yawa kuma yana cikin abin da bai kai kan yatsa ba. Gigabit a kan wayar tagulla, wanda aka tsayar a 1999, yana buƙatar duka silli takwas na cikin kebul, yayin da megabit 100 ke wadatuwa da huɗu, masu ruwan lemo da kore. Idan mai matse kan waya ya yi gaggawa sillin shuɗi ko mai ruwan ƙasa bai ciji ƙarfensa ba, ko ɓera ya gwaguye shi a cikin silin, kati ba ya kuka. Yakan sauka kawai zuwa 100 ya ci gaba da aiki, a raba wa ɗaki guda kashi ɗaya cikin goma na abin da aka biya kuɗinsa. Manomin rani a fadamar Yauri ya san wannan: kome ƙarfin injin ban ruwa, tiyon da ya lanƙwashe ne ke yanke yawan ruwan da zai kai kwamin albasa. Ga kebul na jabu da ya cika kasuwa, alminiyam da aka shafe da tagulla, mai saurin karyewa. Ga masu jan waya fiye da mita 100, iyakar da tsarin ya yarda. Ga ƙurar hunturu da raɓar bakin ruwa da ke cin bakin soket, da zafin Afrilu a ɗakin da ba iska.

Da gudu ya ƙaru, nawar ta bar waya ta shige cikin kwamfutar kanta. Tsohon ramin PCI megabayit 133 kacal yake ɗauka a daƙiƙa, kuma rabawa ake da sauran na'urori, don haka katin gigabit ba ya sakewa a kansa sai da PCI Express ya zo. Sannan a gigabit ƙunshin saƙo mai bayit 1,500 kan iso sau fiye da 80,000 a daƙiƙa, kati kuma yana katse masarrafa a kan kowanne. Sai aka koya wa Linux ya riƙa kwasarsu jimla idan sun yi yawa, aka ɗora wa katin wasu lissafe-lissafen, aka ba shi layuka da dama don ya rarraba aiki. Da gigabit 10 ya zo a 2002 wannan ya zama tilas. A manyan rumbunan bayanai irin Rack Centre a Legas ko Galaxy Backbone a Abuja, irin binciken da ake yi ke nan: ko aikin katin ya taru a kan ƙwayar masarrafa ɗaya sauran suna zaune, ko direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya tsufa, ko wani suwici a hanya bai yarda da manyan ƙunshi masu bayit 9,000 ba.

Mu a Yelwa da Wara ba mu kai nan ba tukuna, kuma abin da ke ci mini rai shi ne ganin ana sayen sabuwar na'ura kafin a auna tsohuwa. Awon ba ya cin ko kwabo. Umarnin ethtool yana nuna gudun da kati ya amince da shi, da salon aikinsa, da yawan saƙonnin da suka lalace. Manhajar iperf3 kuma tana gwada tsakanin kwamfuta biyu a ɗaki ɗaya ba tare da intanet ba. Gigabit mai lafiya zai ba da wajen megabit 940. Idan aka ga 94, a fara da sake matse kan wayar, a gwada wani baki a suwici, tun ana saura mako a zauna jarrabawa.