Hauhawar Farashin Kayayyaki na Shekara-shekara

Ma'ana

Hauhawar farashi ita ce tashin kuɗin kayan masarufi gaba ɗaya, ta yadda naira ɗaya ba za ta sayi abin da ta saya bara ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ke auna ta kowane wata, ta hanyar tattara farashin abinci, sufuri, haya, sutura da magani daga birane da karkara. Ana kwatanta kowane wata da takwaransa na bara, domin hatsi yana araha da kaka, yana tsada da damina. Misali, idan mudun masara ya tashi daga naira 1,000 zuwa 1,300 cikin shekara, ya hau da kashi 30 cikin ɗari.

Yadda ta kasance a Nijeriya

A 1995 hauhawar ta haura kashi 70, kuma ba ta sake kai wannan matsayi ba. A 2007 ta sauko kusan kashi 5. Bayan faɗuwar farashin man fetur a kasuwar duniya da karyewar darajar naira, ta kai kashi 18.72 a Janairun 2017. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka bar kasuwa ta tsayar da darajar naira. Zuwa Disamban 2024 hauhawar ta kai kashi 34.80, ta abinci kuwa 39.84. A farkon 2025 hukumar ta sauya shekarar da take auna farashi da ita daga 2009 zuwa 2024, sai ma'aunin Janairu ya nuna kashi 24.48. Wannan saukar ta sauyin lissafi ce, ba ta araha a kasuwa ba. Daga baya cikin shekarar adadin ya ci gaba da raguwa.

Abin da ya shafi yankinmu

A Ruwan Godiya da sauran ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, tsada tana da wasu dalilai na gida. Hare-haren 'yan bindiga sun hana noma gonaki masu nisa da gari. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin waɗannan ƙananan hukumomi na wani lokaci. Rufe iyakoki a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ya tauye cinikin da ke bi ta Jibiya.

Abin lura

Muna jan hankalin jama'a cewa saukar ma'aunin ba ta nufin kaya sun yi sauƙi. Tashinsu ne ya rage gudu. Manomi mai sayarwa ne kuma mai saye: kada ya dubi kuɗin buhun masara a kasuwar Dandume kawai, ya ƙirga buhu nawa zai sayar kafin ya sayi buhun taki. Wanda ya sayar da hatsinsa duka da kaka, shi ne zai saye shi da tsada kafin sabon amfani ya nuna.

Muna kuma shawartar jami'an ƙananan hukumomi su sa hauhawar farashi cikin lissafi wajen tsara kasafin kuɗi. Aikin rijiya ko ajin makaranta da aka ƙiyasta bana, idan aka jinkirta shi zuwa baɗi, kuɗin da aka ware ba lallai su kammala shi ba.