Murjani da tsakiya: dukiyar da matan karkarar Kano suka rataya a wuya

A watan Janairun 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya shigo Kano, ya zaga kasuwar birni yana rubuta abin da ya gani rumfa-rumfa. Da ya zo wajen masu kayan ado sai ya lissafa duwatsun wuya na gilas, da murjani, da wasu masu ruwan zuma na daskararren ƙaro, da zobban dalma, da 'yan kayan azurfa kaɗan. Zinariya, in ji shi, babu. Lu'ulu'un teku kuwa, wanda sarakunan Indiya da na Farisa da matan attajiran Turai suke rububinsa a wannan zamani, bai shiga lissafin ba. Abin lura ne, domin duk yaron da ya yi nisa a makarantar allo ya san sunan lu'ulu'u, kuma Suratur Rahman ta ambace shi tare da murjani a aya ɗaya. Murjani ya iso har ƙauye, ya zauna a wuyan matan manoma. Lu'ulu'u ya tsaya a karatu da wa'azi.

Ba nisa ne ya hana shi zuwa ba. Wuri, kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, daga tsibiran Maldives yake, can tsakiyar tekun Indiya, kuma babu ƙauyen da bai kai ba. Lokacin da wani Bature, Heinrich Barth, ya biyo ta Kusada da Bichi ya shigo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canzar da dalar azurfa ɗaya. Lu'ulu'u hanyarsa daban ce. A cikin wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, dangin makankari, yake toho, kuma a wancan zamani mafi shahararsa daga tekun Fasha ake fito da shi, a Bahrain da Katar da Kuwait da Dubai. Wata huɗu na zafi masu nutso suke yi a kan ruwa, mutum ya matse hancinsa, ya ɗaura dutse a ƙafa ya nutsa da numfashi ɗaya. Da yawansu bayi ne da aka kwaso daga gabashin Afirka, ko 'ya'yan bayi, sauran kuma bashi ya ɗaure su ga masu jirage. Abin da suka samo Bombay ake kai shi a huda a jera, daga can ya wuce Paris da London. Masu saye suna jira da kuɗi a hannu, don haka babu dalilin ɗora shi a raƙumi.

Amma a ganina babban dalili yana nan gida, a irin aikin da ado yake yi wa mace. Ƙasar da ta kewaye Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a karkarar Afirka. Masanin ƙasa Michael Mortimore, da ya yi nazarinta a shekarun 1960, ya shata iyakarta ne da inda mutane suka haura 350 a kowace murabba'in mil. Gona tana haɗe da gona, ba a barin saura, a lokacin jakuna ne suke jigilar taki daga birni. A irin wannan wuri ƙasa tana hannun maza, kuma sau da yawa rabon da mace ta gada 'yan'uwanta maza ne suke nomawa. Dukiyar da take tata ta kanta ita ce wadda za ta iya kora ko ta ɗauka: akuya da tunkiya, kayan ɗaki, da abin da ke wuyanta da hannunta. In aure ya mutu da su za ta fita. In haihuwa ta zo da gardama, ko rumbu ya ƙare kafin kaka, su za ta jinginar.

Kayan da za su yi wannan aiki dole ne kowa ya san kuɗinsu. Lu'ulu'u ba haka yake ba. Ƙwaya biyu masu girma ɗaya sai a samu ɗaya ta ninka 'yar'uwarta sau goma, saboda sheƙi ko daidaiton zagaye, kuma sai dillalin da ya ƙware, mai rariyar tagulla da ƙaramin ma'auni, yake iya rabewa. Ga shi darajarsa a fatarsa take, zufa da turare da bushewar hunturu suna dusashe ta. Matar da ke surfe da daka da ɗebo ruwa, wa za ta kai wa irin wannan a kasuwar ƙauye ya ba ta kuɗinsa?

Murjani kuwa jansa ɗaya ne ciki da waje. A Bahar Rum ake ciro shi, a gaɓar Tunisiya da Aljeriya da Italiya, a yanka a goge a garuruwa irin su Livorno da Torre del Greco, sannan ya biyo ta Tarabulus da Gadamas da Gat da Agadas zuwa hannun Larabawan da ke zaune a Kano. Tsakiya ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, dutse ce sosai, sai ta yi kaka da jika ba ta canza ba. Cibiyar aikinta tun da can ita ce garin Khambhat a Gujarat ta Indiya, inda ake gasa dutsen har ya yi ja kafin a huda shi, kuma alhazan da suka tafi ta ƙasa sun riƙa dawowa da ita daga Makka. Akwai kuma ta kusa, wato lantana. Fataken Hausa ne suke ɗauko jan dutsen daga bakin Kwara a ƙasar Nijar ta yau, su kai Tsohuwar Oyo, bayan faɗuwarta kuma su kai Ilori, inda masu sana'ar suke sassaƙa shi.

Wanda yake son ya san daɗewar wannan ado a ƙasar Hausa, sai ya dubi Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, gabas da Katsina, ba nisa da iyakar arewacin Kano. Wani Bature, H. R. Palmer, ya fara haƙa kushewun a 1907, zamanin Sarkin Katsina Dikko. A 1992 masana daga Jamus, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka buɗe wasu uku, a 2007 kuma aka kai abin da aka samu Mainz ta Jamus, inda aka yi nazarinsa ƙarƙashin Detlef Gronenborn. An binne mutanen ne tsakanin ƙarni na 13 zuwa na 16, kuma an same su da 'yan kunne da zobe na zinariya, da mundayen tagulla da na hauren giwa, da wuri, da tasoshin tagulla aikin Gabas ta Tsakiya, da duwatsun gilas da jan dutse irin na tsakiya. Ke nan tun wajajen zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi, ko ma kafin nan, jan dutse yana cikin abin da manya suke ƙawa da shi a wannan yanki.

Daga fada da gidajen attajirai abin ya sauko a hankali, kuma 'yan koli ne suka sauko da shi. Su ne suke saro kaya a Kurmi, su bi kasuwannin ƙauye da allura da kwalli da madubi da duwatsun wuya, su shimfiɗa a tabarma. Ba kowace mace ce ta mallaki murjani na ainihi ba. Matar mai gari, ko ta falke, ko ta manomi mai wadata, ita ce mai silin murjani da tsakiya. Saura suna da duwatsun gilas na Venice, waɗanda Barth ya tarar sun cika kasuwa, da ƙarau irin na Masaga a Bida, da jigidar ɓawon ƙwarar kwakwa. Maƙeran fari kuma suna narkar da dalar Maria Theresa su ƙera awarwaro da mundaye da zobba. Azurfa ma ajiya ce mai kyau, tunda awo ake yi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekara ta zagayo manoma suka rungumi gyaɗa, kuɗi ya shiga ƙauye irin yadda bai taɓa shiga ba, lefe da gara suka ƙara nauyi. Ba a jima ba sai ga yunwar Kakalaba a 1914, sannan 'Yar Buhu a 1927, da Muda a 1954. A irin waɗannan shekaru ake gane amfanin abin da aka rataya a wuya. Abin takaici shi ne, lokacin da kowa yake sayarwa shi ne lokacin da kaya suke faɗuwa, hatsi kuma yana tashi, sai mace ta rabu da gadon uwarta a kan 'yan mudu.

Akwai wata asara da ta fi wannan shigowa a ɓoye, wato jabu. Tun daga shekarun 1830 masu sassaƙar dutse na Idar-Oberstein a Jamus suka samu dutse mai arha daga Brazil, suka iya rina shi ya yi ja, suka kwaikwayi aikin Indiya suna turowa Afirka. Masana'antun Bohemiya suka bi baya da na gilas wanda aka zuba a mazubi, daga nan roba ta zo. Kowane sabon zubi yana rage darajar abin da ke cikin adudun tsohuwa, ba tare da an taɓa shi ba.

Shi kansa lu'ulu'u bai tsira ba, kuma faɗuwarsa ta fi muni. A 1893 wani Bajafane, Kokichi Mikimoto, ya yi nasarar sa halittar ta yi lu'ulu'u ta hanyar cusa mata ɗan ƙwallo. A farkon shekarun 1920 masu cikakken zagaye suka shiga kasuwannin Turai, sai kuma karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta ƙarasa. A 1917 kamfanin Cartier ya karɓi katafaren gida a New York a madadin sarƙar lu'ulu'u mai zubi biyu da aka yi wa kuɗi dala miliyan ɗaya. Da aka yi gwanjonta a 1957, kimanin dala 151,000 ta yi. Jiragen nutso suka ruɓe a bakin gaɓa, yunwa ta kama garuruwan tekun Fasha, sai man fetur da aka samu a Bahrain a 1932 ne ya fara ceto su. Yau mafi yawan lu'ulu'un duniya a tafkunan China ake kiwonsa, kuma yanzu ne, da ya yi arha, shi da kwaikwayonsa suka shiga akwatin lefe a ƙauyukan Kano.

Matan ba su yi sake ba. Da kuɗin mai ya zo a shekarun 1970, aikin hajji ta sama ya yawaita, sai ajiya ta koma gwal, wanda ake aunawa da giram a sayar ko yaushe. Dubai, tsohon garin masu nutso, tana cikin inda ake saro shi.

Tsofaffin duwatsun kuwa wata hanya suka bi. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka shiga yayinsu a Amurka da Turai, dillalai, cikinsu har da Hausawa da yawa, suka riƙa bi gida-gida a ƙauyukan Afirka ta Yamma suna saye da arha, ko su yi musaya da sabon yayi mai ƙyalli. Kayan suka taru a kasuwanni irin ta Treichville a Abijan, daga can suka haye teku. An sayar da su sili-sili ba tare da sunan gari ko na gida ba, saboda haka ko an gan su a gidan tarihi a waje, ba mai iya cewa wannan daga Kunci ta fito ko daga Makoɗa. Tsofaffin da suke iya duban dutse su ce wannan tsakiyar Makka ce, wannan lantana ce, wannan ta Bature ce, suna nan a ƙauyukan, amma kullum raguwa suke yi. Ya kamata Gidan Makama da sashen tarihi na Jami'ar Bayero su je su zauna da su, su ɗauki hoton abin da ya rage, su rubuta sunan kowane dutse, da wadda ta bar shi, da shekarar da ya shigo gidan.