Cake: Daga Mulkin Kumandan Zuwa Komin

Dattijan Cake sun san lokacin da hukuma take nesa, sai an yi doguwar tafiya kafin a isa gabanta. Turawan Faransa sun ratsa ƙasar Tasawa a 1899, shekarar da sojojinsu suka kashe Kyaftin Bule da Kyaftin Shanuwan a wajejen Maijirgi. Bayan sun zauna da gindinsu, Tasawa ce ta zama mazaunin kumandan da ke kula da wannan yanki, kafin a mai da babban mazaunin mulki Maraɗi.

Kumandan bai san gona ba, bai san rijiya ba. Don haka ya dogara ga sarakunan kanto da masu gari: su ke karɓar lanho, su ke ƙidayar jama'a da dabbobi, su ke fidda samari aikin dole har zuwa 1946 da aka soke shi. Nauyi ne mai ɗaci, domin sarki yana tsakanin umarnin Nasara da kukan talakawansa.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gyaran mulki na 1964 ya tabbatar da Mayahi a matsayin gunduma mai sufurefe a cikin jihar Maraɗi, tana da kanto biyu, Mayahi da Kanambakashe. Hukuma ta matso kusa, amma daga Yamai ake naɗo ta.

Sai a 2002 doka ta kafa komin-komin a faɗin Nijar, Cake ta zama ɗaya daga cikin takwas na Mayahi. A zaɓen Yuli 2004 jama'a suka zaɓi kansiloli, kansiloli suka fidda magajin gari daga cikinsu. An ba sarakuna kujera a majalisa, suna ba da shawara amma ba sa jefa ƙuri'a. A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun komin, suka naɗa kantomomi.

Kumandan ya tafi, sufurefe ya koma perefe, majalisa ta zo ta wuce. A duk tsawon waɗannan shekaru, rikicin iyakar gona, rabon gado da ɓarnar dabbobi ƙofar sarki suke fara zuwa, kuma dokar ƙasar karkara ta 1993 ta amince da wannan sulhu. Yau da gonaki suka ƙuntata, burtali ya matse, adalcin wannan ƙofa ne ke hana manomi da makiyayi ɗaukar sanda. Allah ya ja zamanin sarki, ya zaunar da ƙasa lafiya.