Yadda Labarin "Game of Thrones" Ya Lalace a Hannun Masu Shi

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu da suka yi karatu a Ingila ko Amurka tsakanin 2011 da 2019 sun ga yadda ake cika ɗakin kallo saboda wannan shiri. Tashar HBO ta fara nuna shi ranar 17 ga Afrilu, 2011, ta kammala ranar 19 ga Mayu, 2019, bayan zango 8 da kashi 73. Tambayar da har yanzu ake gardama a kanta ita ce: me ya sa shirin da ya faro da ƙarfi haka ya ƙare da ɓacin ran masu kallo?

Asalin labarin littattafan George R. R. Martin ne. Na farko ya fito a 1996, na biyar a 2011. Marubucin ya ɗebo abubuwa da dama daga yaƙin basasar gidajen sarautar York da Lancaster a Ingila a ƙarni na 15, shi ya sa ko da akwai dodanni masu aman wuta, abin da ke tafiyar da labarin siyasa ce ta 'yan Adam. Kowane kuskure yana da sakamako. Ned Stark ya amince da waɗanda bai kamata ba, aka fille masa kai a kashi na tara. Ɗansa Robb ya karya alkawarin aure, aka yanka shi a wurin biki a 2013. Mai kallo zai girgiza, amma in ya waiwaya zai ga sanadin a fili.

David Benioff da D. B. Weiss, masu tsara shirin, sun yi aiki mai kyau muddin littafi na gabansu. Martin kansa yakan rubuta kashi ɗaya kowace shekara, har zuwa 2014 da ya daina. A 2016 kuwa shirin ya wuce inda littattafan suka tsaya. Daga nan sun san inda za a sauka, amma hanyar sai sun sare ta da kansu.

A ganina, abin da ya fara mutuwa shi ne nisa. A kashin farko an shaida mana cewa Sarki Robert ya yi wata guda a hanya kafin ya isa Winterfell. To a 2017 fa? Jon Snow da mutanensa sun maƙale a tsakiyar tafkin ƙanƙara, Gendry ya ruga da ƙafa zuwa Katanga, aka saki hankaka da wasiƙa zuwa kudu, Daenerys ta hau dodonta ta zo ta cece su, duk kafin sanyi ya gama da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. In tafiya ba ta cin lokaci, to babu mai makara, babu wanda labari zai riska bayan aikin gama ya gama, kuma a nan ne fargabar shirin take tun farko.

Sai gaggawa. Zangon farko zuwa na shida kowanne kashi 10 ne, na bakwai 7, na takwas 6. Rundunar matattu da aka shekara takwas ana tsorata mu da ita, a dare ɗaya aka gama da ita. Daenerys ta ƙone birnin King's Landing bayan an riga an miƙa wuya. Ba ina cewa ba za ta iya ba, alamun zafin zuciyarta sun daɗe. Amma sauyin da ke bukatar zango guda, a kashi biyu aka cusa shi. Kofin kofi da aka manta a kan tebur a kashi na huɗu abin dariya ne kawai, an goge shi daga baya.

Duk da haka kasuwa ta yi kyau. Mutum miliyan 19.3 suka kalli kashin ƙarshe a Amurka a daren da aka nuna shi, kuma zangon ya ci kyautar Emmy ta 2019. A lokaci guda sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake shirya shi da wasu marubuta. HBO ba ta yi ba. Littafi na shida kuwa, wanda ake jira tun 2011, Martin bai fitar da shi ba.