Ziyara

ziyara (suna, mace, jam'i: ziyarce-ziyarce, asali: Larabci)

1. Takawa zuwa wurin dangi ko tsofaffin abokai domin sada zumunci. Misali: Da ya sami hutu, ya kai wa aminansa ziyara a Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani a bakin Shuɗin Kogin Nilu a Sudan, wanda Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

2. Zagaya wurare domin buɗe ido. Misali: Sun kai baƙonsu ziyara madatsar ruwan Sinnar da ke Sudan, wadda aka kammala a 1925, mai shayar da gonakin audugar Jazira.

Karin magana: Zumunta a ƙafa take.